Tambaya da Amsa: Abin da alƙaluman birebe ke faɗa wa lauya, da abin da suke ɓoye masa

Wasiƙun wannan fitowa sun haɗu a kan abu guda: yadda ake tace tarin bayanai a aikin birebe. Ba birebe na jarrabawar koleji muke nufi ba. Takardar mallakar ƙirƙira ce, wadda ke hana kowa ƙera abin da mutum ya ƙirƙiro, ko sayar da shi, ko shigo da shi, sai da izininsa, har shekara 20 daga ranar da ya ajiye takardun nema. Nijar ba ta bayar da nata daban. Ƙungiyar OAPI, mai kula da mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, da ke Yawunde ce ke bayarwa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma takarda ɗaya tana aiki a ƙasashe 17. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunayen masu su.

TAMBAYA, daga wani matashin lauya a Yamai: Wani maƙeri ya kawo mini na'urar busar da albasa da kilishi mai aiki da zafin rana, yana son birebe. Ina jin manyan ofisoshin lauyoyi na waje suna tace miliyoyin takardu da kwamfuta kafin su ajiye nema. Ni ba ni da kuɗin shiga rumbunan nan masu tsada. Ta ina zan fara?

AMSA: Metir, abin da kake bukata yanzu ba na kuɗi ba ne. Espacenet na ofishin birebe na Turai da Patentscope na OMPI, hukumar mallakar fasaha ta duniya da ke Jeniba, kyauta ne, kuma kowannensu yana ɗauke da takardu fiye da miliyan 100. Ga Google Patents, ga Lens. Masu kuɗin, irin su Orbit da Derwent da PatSnap, sun fi su gyaran sunaye da kyan zane, amma tushen takardun kusan ɗaya ne.

Sai dai kafin ka kunna kwamfuta, tambayi maƙerin ko ya taɓa nuna na'urar a wani wuri: baje koli, Facebook, bidiyon WhatsApp, ko ya sayar da ko guda. OAPI tana son abu sabo a duniya baki ɗaya, kuma rangwamen wata 12 da ta bayar ƙunci gare shi. Yana aiki ne in wani ya fallasa ƙirƙirar ta hanyar cin amana, ko in an nuna ta a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Bidiyon da maƙerin ya saka da hannunsa yana iya kashe nemansa.

Daga nan ka sa shi ya warware maka na'urar gunduwa-gunduwa, kana rubutawa: gilashi ko ledar da ke bisa, baƙin kwanon da ke shan zafi, bututun da ke jan iska sama, tire-tiren waya, ƴar fankar da farantin sola ke juyawa, ragar hana ƙuda. A kan kowace gunduwa ka tambaye shi, wannan taka ce ko ka tarar da ita? Busar da abinci da rana tun kakanni ake yi. In akwai sabon abu, a wani ɗan lungu yake, ƙila yadda ƙofar iska ke buɗe kanta in zafi ya yi yawa. Wannan lungun za ka nema.

Bincike ƙafa biyu gare shi, kalmomi da lambobin rabe-rabe. Kalmomi kaɗai suna yaudara, don masu rubuta birebe ba sa kiran abu da sunansa na kasuwa. Da wuya ka ga kalmar kilishi. Za ka ga an kwatanta naman da aka yanka falle-falle aka busar, da Ingilishi ko Sinanci ko Jamusanci. Lambobi kuwa ba ruwansu da harshe. Tsarin da ake kira CIB da Faransanci, IPC da Ingilishi, wanda yarjejeniyar Strasbourg ta 1971 ta kafa, ya kasa fasaha gida takwas, daga A zuwa H. Naka suna nan: F26B na busarwa, F24S na masu tara zafin rana, A23B 7/02 na busar da kayan lambu da ƴaƴan itace, A23B 4/03 na busar da nama.

Fara da kalmomi har ka samu takardu goma da suka yi kama da na'urar. A shafin farko na kowace, dubi layin da ke da lamba 51, nan lambobin rabe-rabe suke. Rubuta waɗanda suke maimaituwa, ka gina tambayarka da su, misali ipc=F26B AND ta=solar a Espacenet, inda ta ke nufin take da taƙaitawa. Sa'an nan ka gwada tambayar gwaji biyu. Na farko, goman nan duk sun fito? In shida suka fito, komarka ta huje, sai ka duba abin da ya zubar da huɗun. Na biyu, ɗauki hamsin daga sakamakon ba zaɓe, ka ƙirga waɗanda suka shafi aikinka. In biyar ne kacal, tambayar ta yi faɗi. Yawancin masu bincike gwaji na biyu kawai suke yi, su yi ta matse tambaya har ta fito tsaf, alhali takardar da za ta kashe neman tana cikin waɗanda suka zubar.

Espacenet yana barin ka sauke layi 500 a lokaci guda, Patentscope har 10,000 in ka buɗe rajista. Zuba su cikin Excel. In komai ya cunkushe a ginshiƙi ɗaya, kada ka firgita: Excel na Faransanci yana jiran waƙafi mai ɗigo, fayil ɗin kuma da waƙafi zalla aka raba shi, sai ka shiga Données, ka danna Convertir. Ka tsara jadawalin bisa lambar rabe-rabe, da mai nema, da shekarar ajiya ta farko. Amfanin duk wannan lissafi shi ne ka rage takardu ɗari takwas su koma talatin da za ka karanta da idonka.

Akwai gajeriyar hanya da mutane ke tsallakewa. Takardun Turai da na PCT, wato tsarin nema guda na ƙasa da ƙasa da ke buɗe ƙofar ƙasashe da yawa, suna zuwa da rahoton bincike, inda mai jarrabawa ya jera takardun da suka gabata, ya sa wa kowace harafi. X na nufin ita kaɗai ta isa ta rushe da'awar, wato abin da mai nema ya ce shi ne nasa sabo. Y na nufin tana rushewa in an haɗa ta da wata. A kuwa shimfiɗa ce kawai. Bi duk X da Y na takardunka goma, ka kuma bi waɗanda suka ambace su daga baya. Ƙwararre ya riga ya yi maka rabin noman.

Talatin ɗin nan fa sai ka karanta su, musamman da'awowin da ke ƙarshe, waɗanda ake kira revendications, da zane-zanen. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ka tarar an riga maƙerinka, hanya uku ce: ka matse da'awa ta tsaya a lungun da ya rage, ko ka duba takardar ƙaramar ƙirƙira, wato modèle d'utilité, mai shekara 10, ko ka gaya masa gaskiya ya riƙe kuɗinsa. Shekaru da dama OAPI tana bayar da birebe ba tare da zurfafa binciken sabunta ba. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Bamako a 2015 ya kawo binciken zurfi da damar adawa, kuma an fara aiki da sashen birebe a farkon 2025. Abin da a da yake wucewa shiru, yanzu mai jarrabawa zai gani. Takardun nema kuma suna iya bi ta hukumar AN2PI a nan Yamai, ita ce mahaɗar Nijar da OAPI.

TAMBAYA, daga wani malamin jami'a a Tawa: Ina shirya rahoto kan famfunan ban-ruwa masu aiki da sola. Na zana yawan birebe shekara-shekara, lambobi suka yi ta hawa, sai shekaru biyun ƙarshe suka faɗi warwas. Na kuma ga Sin ta danne kowa. In rubuta cewa fannin ya fara mutuwa?

AMSA: Malam, kada ka rubuta. Faɗuwar nan ba a gona take ba, a rumbu take. Ana ɓoye takardar nema wata 18 daga ranar ajiya ta farko kafin a wallafa ta, wanda ya bi ta PCT kuma yana da wata 30 kafin ya shiga ƙasashen da ya zaɓa. Kowane fanni ka zana, ko wanda ke tashe, wutsiyarsa za ta sunkuya haka. Yanke shekaru biyun ƙarshe, ko ka shafa musu wani launi ka rubuta cewa ba su cika ba.

Sai tambayar da ba ka yi ba: me ka ƙirga? In takardu ka ƙirga, ka ƙirga ɗan akuya ɗaya sau goma don ya zaga kasuwa goma. Ƙirƙira guda tana iya fara ajiya a Faransa, ta fito da lambar WO ta PCT, ta shiga Turai da Amurka da Sin da OAPI, kuma a yawancin ofisoshi ana wallafa ta sau biyu, da harafin A lokacin nema, da harafin B lokacin bayarwa. Duk waɗannan dangi ɗaya ne. Ƙirga dangi, ka ɗora kowanne a shekarar ajiyarsa ta farko, wadda ke layi mai lamba 30. Dangin ma iri biyu ne: ƙarami, wanda takardunsa suka haɗa ajiyar farko iri ɗaya sak, da babba na INPADOC, wanda ke jawo duk mai alaƙa ko ta nesa. Zaɓi ɗaya, ka faɗa a rahoton, kada ka gauraya.

Batun Sin gaskiya ne, amma da sauran magana. Kusan rabin neman birebe na duniya a ofishin Sin ake ajiye shi. Mafi yawa ba sa fita waje, kuma in rumbun ya haɗa maka da takardun ƙaramar ƙirƙira, masu harafin U, waɗanda ake bayarwa ba tare da binciken zurfi ba, lambar za ta ƙara kumbura. Yi zane na biyu da dangin da suka shiga ofishi biyu ko fiye. Wanda ya biya fassara da lauya a ƙasa ta biyu, da gaske yake. Jerin ƙasashen zai sauya.

Aikin da ya fi cin rai shi ne wanke sunaye. Kamfani ɗaya yana fitowa da SA, da SARL, da Ltd, da sunan reshensa, da tsohon sunansa kafin a saye shi. Mu nan mun fi kowa sanin ciwon: Mahamadou, Mamadou, Mohamed da Muhammadu suna iya zama mutum ɗaya, suna iya zama huɗu. Manhajar OpenRefine kyauta ce, tana tara sunaye masu kama, amma kai za ka yanke hukunci a kan kowane tari. Wanda ya tsallake wannan mataki, jerin manyan goma da zai wallafa ƙarya ne.

Kada kuma ka auna darajar birebe da yawan ambaton da ya samu, sai in ka gwada shi da tsaransa na shekara ɗaya da lambar rabe-rabe ɗaya. Tsoho ya daɗe yana tara ambato. A Amurka doka ta tilasta wa mai nema ya bayyana duk takardar da ya sani mai alaƙa, shi ya sa jerinsu ke da tsawo, a Turai kuwa mai jarrabawa ne ke zaɓar ƴan kaɗan.

Afirka duka ba ta kai kashi 1 cikin 100 na neman birebe na duniya ba. Wannan lamba tana auna ajiyar takarda ne. Ba ta san abin da maƙeran kasuwar Katako ke ƙerawa ba, ba ta san dabarun da manoman albasa ke yi wa rudu don rage ruɓa ba. Ka faɗi haka a shafin farko. Jami'arku kuma tana iya neman shiga shirin ASPI na OMPI, wanda ke buɗe wa cibiyoyin bincike na ƙasashe irin tamu rumbunan kuɗi kyauta ko da rahusa.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a Birnin Ƙonni: Na sayo injin yanka albasa daga Sin, ina so in sa a riƙa ƙera irinsa a Tawa, in sayar nan da Sakkwato. A jikinsa akwai lambar birebe da ta fara da ZL. Yarona ya duba intanet, ya ce bai ga komai a kan Nijar ba. In zuba kuɗi?

AMSA: Alhaji, labarin ya fi kusa da daɗi, amma “ban gani ba” na yaro bai isa a zuba jari a kansa ba. Birebe yana da iyaka kamar ƙasa. Na Sin a Sin yake aiki. In mai shi bai ajiye a OAPI ba, ba shi da ikon hana ka a Nijar, kuma bayanin da ya wallafa, da zanensa, halal ne maƙeranka su karanta su yi aiki da shi. Wannan ita ce babbar ribar da muke da ita a rumbunan nan, kuma ita aka fi bari a ƙasa.

Dubi lambar da kyau. Bayan ZL akwai shekarar ajiya, lamba huɗu. Lamba ta biyar tana faɗin iri: 1 birebe ne cikakke mai shekara 20, 2 ƙaramar ƙirƙira ce mai shekara 10, 3 kuwa siffar jiki ce kawai. A sa lauya ya nemo takardar a Espacenet, ya buɗe danginta, ya duba ko akwai mai farawa da OA, wato OAPI, ko WO. In ba ko ɗaya, kuma an daɗe da wuce wata 12 na fifiko, wato wa'adin da mai nema ke da shi daga ajiyar farko ya ajiye a wasu ƙasashe, ƙofa ta rufe wa mai shi. In akwai WO wadda ba ta cika wata 30 ba, dakata, don har yanzu yana iya shigowa.

Kuskuren da ake yi shi ne tsayawa a kan lambar da ke jikin inji. Wani kamfani daban yana iya riƙe birebe na OA a kan wuƙar, ko a kan yadda ake tura albasar. Don haka sai a yi bincike na biyu cikin takardun OA kaɗai, na shekara 20 da suka wuce, da lambobin rabe-raben injin. Ba su da yawa, neman da OAPI ke karɓa a shekara ɗaruruwa ne, ba dubbai ba. Duk wadda ta yi kusa, a ɗauki da'awarta ta farko a jera sassanta a hagu, sassan injinka a dama. In da'awar ta lissafa abu huɗu, injinka yana da huɗun, ka shiga gonar wani. In uku gare shi, akwai mafita, sai dai in ka maye na huɗun da abin da ke yin aikinsa ta hanya iri ɗaya.

Matsayin takardun OA a rumbunan waje yakan yi latti ko ya zo da giɓi. Kada a dogara da shi wajen cewa birebe ya mutu. A nemi shaida daga rajista ta musamman da OAPI ke riƙewa. Wanda bai biya kuɗin shekara ba yana da wata shida na alfarma tare da tara, bayan haka ma ana iya farfaɗo da birebe cikin wa'adin da bai wuce shekara biyu ba in mai shi ya nuna uzurin da ya fi ƙarfinsa.

Sakkwato kuma wata shari'a ce. Najeriya ba ta cikin OAPI, rajistarta tana Abuja, ƙarƙashin dokarta ta 1970. Da zarar injin ya ƙetare Illela, binciken da aka yi maka a nan bai rufe ka ba. Sai lauya na can ya duba. Sunan kamfanin da tambarinsa kuma kada su hau jikin injinka, wannan laifi ne daban.

TAMBAYA, daga wata lauya a Yamai: An ce akwai manhajojin da ke faɗin kashi nawa cikin ɗari za ka ci shari'a a gaban wane alƙali. Za mu iya yin irin wannan a nan? Kuma ChatGPT zai iya yi mini binciken?

AMSA: Metir, a Amurka ana yi, don dubban ƙararrakin birebe ake shigarwa kowace shekara kuma dosiyoyin a buɗe suke. Lex Machina na tattara tarihin alƙalai, PatentAdvisor da Juristat na auna masu jarrabawa na ofishin birebe, wane ne mai saurin amincewa, wane ne sai an kai ruwa rana. Amma dubi abin da ya faru a garin Waco na jihar Texas. A 2021 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙararrakin birebe na ƙasar a gaban alƙali ɗaya suke, Alan Albright, don masu ƙara sun lissafa sun ga can ya fi musu. A Yulin 2022 aka ba da umarnin raba ƙararrakin ta hanyar ƙuri'a tsakanin alƙalai. Lissafin jiya ya tashi aiki a rana ɗaya.

Faransa, wadda tsarin shari'armu ya fi kama da nata, ta bi wata hanya. Sashe na 33 na dokar 23 ga Maris 2019 ya haramta amfani da sunayen alƙalai don auna ko hasashen yadda suke hukunci, kuma hukuncin yana iya kai ɗaurin shekara biyar. In kina aiki da hukunce-hukuncen Faransa, ki kiyaye.

A nan matsalar ta ƙaranci ce. A ce kin tara shari'a shida, mai birebe ya ci huɗu. Za ki rubuta kashi 67. Guda ɗaya ta juya, kin koma 50. Ga shi kuma ƙararrakin da suka fi ƙarfi sau da yawa a sulhu suke ƙarewa, ba su shiga ƙidaya. Duk lauyan da ya ba abokin hulɗarsa kashi cikin ɗari a kan irin wannan, cinikin biri a sama ya yi masa. Abin da ke da amfani shi ne jadawalin hujjoji: kotu, ƙasa, shekara, sashen yarjejeniyar Bangi da aka yi jayayya a kai, hujjar da ta karɓu, tsawon lokacin da aka ɗauka. Ki faɗaɗa shi zuwa sauran ƙasashen OAPI, don doka ɗaya ce, kuma hukuncin ƙarshe da kotun wata ƙasa ta yanke kan ingancin birebe yana da ƙarfi a sauran.

ChatGPT da ƴan'uwansa suna taimakawa wajen samo kalmomi masu ma'ana ɗaya da taƙaita doguwar takarda. Lambar birebe ko sunan shari'a da suka ba ki kuwa, sai kin buɗe asalin kin gani. A Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da manhajar ta ƙaga. Ƙirƙirar da ba a ajiye ba tukuna kuma kada ta shiga ciki ko kaɗan, amana ce.

TAMBAYA, daga sakataren wata ƙungiyar manoman albasa a Galmi: Ta yaya za mu san in wani yana neman mallakar sunan albasarmu?

AMSA: Malam Sakatare, tsoronku yana da tushe. A shekarun baya wani kamfanin iri na Senegal ya nemi kariya a OAPI a kan iri da sunan Violet de Galmi, sai da Nijar ta tashi tsaye. Yanzu albasar Galmi da kilishin Nijar suna da rajistar alamar asalin wuri. Wannan ba birebe ba ne, suna yake karewa, kuma ba ya tsare kansa. Ku ɗora wa mutum ɗaya duba mujallar hukuma ta OAPI, wadda ake kira BOPI, duk fitowa: sashen tambarin kasuwanci, da na sababbin irin shuka, da na birebe. Ya nemi kalmomin da duk rubutunsu, Galmi da Galmy, kilichi da kilishi, da Allium cepa. Na waje kuma akwai rumbun PLUTO na UPOV, ƙungiyar kare sababbin irin shuka ta duniya, don iri, da rumbun tambura na OMPI. Wata uku ne wa'adin adawa daga ranar wallafa neman. Wanda ke dubawa sau biyu a shekara zai tarar an rufe.

TAMBAYA, daga wata mai shigo da magunguna a Yamai: Na rubuta sunan magani a Google Patents, dubban takardu suka fito. Wanne ne nasa?

AMSA: Hajiya, ƙila ba ko ɗaya. Birebe na asali yakan riga sunan maganin zuwa duniya, sinadari kawai yake kwatantawa. Magani ɗaya kuma yakan tara birebe da yawa: na sinadarin, na gishirinsa, na haɗin ƙwayar, na hanyar sarrafawa. Fara da MedsPaL na Medicines Patent Pool. Kyauta ne, yana nuna matsayin birebe da lasisi ƙasa-ƙasa na magungunan sida, tarin fuka, ciwon hanta nau'in C da wasu. Gyaran Bamako ya kuma sauke wa ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, har da Nijar, wajibcin aiwatar da birebe na magunguna zuwa 1 ga Janairun 2033. Kamaru da Kodebuwa da Gabon ba sa cikin wannan sahu, in kina da niyyar tura kaya can. Izinin sayarwa daga hukumar lafiya kuwa takarda ce daban.

TAMBAYA, daga magatakardan wani ofishin lauyoyi a Yamai: Dosiyoyin birebe da muke riƙewa sun kai arba'in. A kaye nake rubuta ranakun biya. Me zan gyara?

AMSA: Ɗan'uwa, a ganinmu nazarin bayanan da ya fi kawo wa ofishi irin naku kuɗi shi ne wannan, ko da yake ba shi da kwalliya. Layi ɗaya ga kowace dosiye: lambar nema, mai shi, ranar ajiya ta farko, ranar ajiya a OAPI ko ta PCT, shekarar da aka biya ta ƙarshe, lambar rasit. Sauran ranakun kada ka rubuta da hannu, bar Excel ya lissafa. In ranar farko tana A2, =MOIS.DECALER(A2;12) zai ba ka ƙarshen fifiko, ka sa 30 a madadin 12 ya ba ka wa'adin shiga daga PCT. Ajiyar 10 ga Maris 2024 tana ba da 10 ga Maris 2025 da 10 ga Satumba 2026. Kuɗin shekara kuwa da shekara 20 ɗin daga ranar ajiyar neman kansa ake ƙirga su, ba daga ranar fifiko ba, kuma a nan aka fi zamewa. Sa layi ya yi ja saura kwana 90, don a samu lokacin neman mai shi, ya haɗa kuɗi, a tura.

Ƙara ginshiƙai uku: jimillar da aka kashe, ko ana sayar da kayan, ko akwai mai lasisi. Kuɗin shekara yana hawa yayin da birebe ke tsufa. In dosiye ta kai shekara takwas ba ciniki ba lasisi, a kira mai ita a nuna masa abin da ya rage zai biya har shekara ta 20, ya zaɓa da kansa, ya sa hannu a kan zaɓin.

Tarko ɗaya ya rage. Takardar da ta zo daga wakilin Amurka mai ɗauke da 03/10/2024 tana nufin 10 ga Maris, kai kuwa za ka karanta 3 ga Oktoba, wata bakwai tsakani. Rubuta kowace rana da shekara a gaba, 2024-03-10, yadda rumbunan birebe ke yi, kuma mutum na biyu ya gwada ta da rasit ɗin ajiya na asali kafin a kulle layin. Kayen nan ma kada ka jefar. Buga jadawalin a takarda farkon kowane wata ka liƙa a ciki, saboda ranar da wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta ƙi tashi.